Taimako: yadda zan tsara folda da sinafshot a kan Synology, an goge min aikin biki

Mai_Situdiyo

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min, kaina ya ɗau zafi.

Ina da ɗan situdiyo na hoto da bidiyo, yawanci bukukuwa muke yi, kamu, ɗaurin aure, dina, sai suna da walimar sauka. Mu biyar ne, ni da yara uku masu editin sai yarinya ɗaya a kanta mai karɓar kuɗi da miƙa wa kwastoma kayansa. Da can kowa a kwamfutarsa yake ajiye aiki muna ta yawo da filash, to wata huɗu da suka wuce na daure na sayi Synology DS224+, wato akwatin ajiyar fayiloli da duk kwamfutocin shago ke shiga, wanda ake kira NAS, da diski biyu masu 4TB kowanne. Wanda ya haɗa min ya ce SHR ya yi, wai duk abin da aka rubuta a ɗaya yana shiga ɗayan, shi ya sa 3.6TB kawai nake gani ba 8 ba. Ya buɗe folda guda ɗaya tak ya sa mata suna AIKI, ya ba mu yuza ɗaya fasuwod ɗaya kowa da shi yake shiga, ya kama gabansa.

Ranar Laraba ɗaya daga cikin yaran yana share tsofaffin kaya don a samu fili sai ya haɗa da foldar wani biki da ko albam ɗinsa ba mu gama ba, hotuna sama da dubu biyu da ɗanyen bidiyo na kwana uku. Ban sani ba sai Alhamis da yayar amarya ta zo zaɓen hotuna, na ba ta kujera na juyo mata da sikirin na buɗe, wayam. Wallahi zufa ce ta keto min. Na kira mai haɗawar na ce ba kai ka ce akwai kwafi a diski na biyu ba, ya ce ai abin da aka goge a nan an goge shi a can. Allah ya taimake ni katin kyamara biyu ba a yi musu fomat ba na dawo da na kamu da na dina, amma na ɗaurin aure sun tafi, haƙuri na bayar na rage musu kuɗi kuma har yau kunyar mutanen nake ji don ba abu ne da za a sake ɗauka ba.

Na ji ana cewa akwai wani abu sinafshot da zai iya mayar da folda yadda take jiya. Shin gaskiya ne, kuma ba zai cinye min fili ba tunda yanzu ma 2.1TB ya tafi? Sannan ya zan raba foldar ta yadda yarinyar kanta ba za ta taɓa ɗanyen aiki ba, su kuma yaran ba za su ga lissafin kuɗi ba? In na kunna sinafshot ɗin shikenan na huta ko da sauran aiki? Na gode, Allah ya saka.

Injiniya_Kd

Wa alaikumus salam. Sannu Oga, Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ya faɗa maka, SHR mai diski biyu daidai yake da RAID 1, madubi ne kawai, amfaninsa ɗaya ne in diski ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba har ka sayo wani. Amma gogewa ko rubuta wani fayil a kan wani ko bairos, duk a take suke shiga diski biyun. Laifinsa dai da bai gaya maka haka ba tun ranar da ya haɗa.

Kafin komai shiga Storage Manager ka duba volume ɗinka, za ka ga an rubuta Btrfs ko ext4, wato tsarin da aka yi wa diskin fomat da shi. In Btrfs ne ka ci riba. In ext4 ne babu sinafshot kuma babu hanyar juya shi a haka, sai ka kwashe kaya kaf zuwa wani wuri ka rushe ka sake ginawa. Ina kyautata zaton Btrfs ne don shi DSM, manhajar da ke tafiyar da akwatin, ke fara ba mutum a wannan samfurin.

Maganar folda. Ka daina zuba komai a AIKI. Shiga Control Panel wajen Shared Folder ka buɗe sababbi, ni da ni ne huɗu zan yi, DANYE na abin da aka sauke daga kati, EDITIN na aikin da ake kai, GAMAMME na abin da za a ba kwastoma, sai OFIS na rasit da lissafi. Dalilin rabawar ba tsafta ba ce kawai, shi sinafshot a kan kowace folda ake saita shi daban, to ka ga DANYE da ba ta canzawa ba ta buƙatar irin jadawalin EDITIN da ake taɓawa kowane minti. Lokacin buɗe kowace akwai abu biyu da kar ka wuce su da sauri. Na farko Recycle Bin, ka kunna kuma ka sa alamar admin kaɗai ke iya shiga, da wannan kaɗai aka kunna maka da ranar Alhamis ɗin nan cikin minti biyu ka ɗauko hotunanka a #recycle. Na biyu data checksum, wannan lokacin buɗe folda kawai ake iya kunna shi, in ka wuce ba ya kunnuwa daga baya, kuma shi ne ke sa na'urar ta gane in wani hoto ya ruɓe a ɓoye a diski ɗaya ta gyara shi daga ɗayan. Ga mai ajiye hoto shekara da shekaru wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai yuza. Kowa nasa, da sunansa da fasuwod ɗinsa. Amma kar ka bi su ɗaya ɗaya kana ba da izini, ka yi guruf biyu, masu editin da kanta, a kan guruf za ka ba da izinin, gobe in yaro ya bar aiki ka kashe akawun ɗinsa kawai, in sabo ya zo ka jefa shi guruf. Masu editin su rubuta a EDITIN da GAMAMME, DANYE kuma karatu kawai, mutum ɗaya da ka yarda da shi ne zai dinga sauke kati. Kanta ta karanta GAMAMME ta rubuta a OFIS. Ka kula da wani abu da ke rikita mutane, a DSM in izini biyu suka ci karo No access ne ke rinjaye, sai Read/Write, sai Read only a ƙarshe. Kuma kowane yuza dole yana cikin guruf ɗin users, to in ka je ka sa wa users No access a wata folda ka rufe kowa da kowa ke nan har waɗanda ka ba izini a wani guruf, ka bar akwatin fanko kawai ya isa hana shiga. In za ka kwashe kaya daga AIKI zuwa sababbin ka yi ta File Station, kar ka ja ta Windows don sai kayan sun fito ta kebul zuwa kwamfutarka sun koma.

Yanzu sinafshot. Ka sauke Snapshot Replication a Package Center, kyauta ne. Ba kwafi yake yi ba shi ya sa cikin daƙiƙa yake gamawa ko da foldar 2TB ce. Abin da yake yi kamar mai shago ne ya rubuta a littafi cewa ƙarfe biyu na rana ga abin da ke kan kowace kanta, kuma ya hana a zubar da komai da ke cikin wannan rubutun. In yaro ya goge fayil, sunan ne ya ɓace daga foldar amma ainihin kayan na nan a diski tunda sinafshot na riƙe da su. In ya canza fayil, sabon a wani wuri ake rubuta shi tsohon na nan. Don haka filin da yake ci shi ne iya abin da aka goge ko aka canza tun bayan ɗaukarsa, sabon abu da ka ƙara ba ya ƙara masa nauyi. Ni shawarata EDITIN duk awa ɗaya daga safe zuwa tashi, a riƙe na kwana 7, DANYE da GAMAMME da OFIS sau ɗaya a rana a riƙe na kwana 30. Ana iya yi har duk minti 5 amma ba ka buƙata. Ka kunna Make snapshot visible, za ka ga folda #snapshot ta fito, a ciki kowanne da kwanan wata da lokacinsa, ba a iya goge komai a ciki ko canzawa, kwafowa kawai.

Maman_Biyu

Malam Injiniya ya gama magana a kan folda, ni tambayarka ta ƙarshe zan amsa, a'a ba ka huta ba. Sinafshot yana zaune ne a kan diskin nan biyu da kayanka suke. Ɓarawo ya fasa shago ya ɗauke akwatin, ko gobara, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona komai, da aikin da sinafshot ɗin tare za su tafi. Ina kula da kwamfutocin wata makaranta kuma na ga yadda tsawa ɗaya a damina ta bi waya ta kashe mana rauta da suwic da kwamfuta biyu a dare ɗaya, ranar na san darajar diskin da ke cikin jakata a gida.

Akwai ƙa'idar da ake ce wa 3-2-1, kuma ma ɗan sana'arku ne ya yaɗa ta, wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke Peter Krogh. Kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya ba a ginin ba. Hanya mafi sauƙi gare ka, ka sayi diskin USB guda biyu kowanne ya fi kayanka girma, ka sauke Hyper Backup ka yi wa kowanne nasa aikin daban. Ɗaya na jone a shago yana yin bakaf kullum da dare, ɗaya na gida, duk Juma'a ka musanya. Ka cire shi ta hanyar eject kar ka fizge. Hyper Backup yana ajiye tsofaffin juyi shi ma, amma a nasa tsarin .hbk yake dunƙule su, in ka jona diskin a laftof ba za ka ga hotuna kai tsaye ba sai da manhajar Hyper Backup Explorer, ka sauke ta tun yanzu ka gwada kar sai ranar tashin hankali. In ka sa masa makulli zai sauke maka wani ɗan fayil .pem, ka adana shi da fasuwod ɗin a wurin da ba cikin NAS ɗin ba, in duka biyun suka ɓata babu mai buɗe maka, har kamfanin.

Za a ce maka ka tura gajimare, C2 ko Backblaze ko Google Drive, duk yana yi. Amma yi lissafi, 2TB a kan layin da ke tura 10Mbps ba tsayawa kwana 18 da ɗoriya ne, ban da kuɗin data. Ni OFIS kaɗai zan tura can da ƙila GAMAMME, ɗanyen bidiyo ya tsaya a USB.

Abu na biyu da ya fi damuna a labarinka, yuzan nan ɗaya da kowa ke shiga da shi ina da tabbacin admin ne. Duk wanda ke da shi zai iya shiga DSM ya goge sinafshot ɗin gaba ɗaya. Ka buɗe sabon akawun na shugabanci da wani suna, ka kunna masa tabbaci mai mataki biyu, ka kashe admin na asali da guest, kuma kai kanka kar ka yi aikin yau da kullum da shi, ka yi wa kanka yuza na talaka. Bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa in ya kama kwamfutar yaro ɗaya zai bi duk foldar da yaron ke iya rubutu a ciki ya kulle, amma ba ya iya taɓa #snapshot ta nan. Kuma tun DSM 7.2 da ya fito a 2023 akwai Immutable snapshot, naka yana da shi, in ka sa masa kwana 7 ko admin bai isa ya goge ba sai kwanakin sun cika. Kar kuma ka bari wani ya buɗe maka fot 5000 ko 5001 ko 445 a rauta wai don ka duba aiki daga gida. A Janairun 2022 bairos ɗin DeadBolt ya kulle dubban na'urorin NAS na kamfanin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, su ma Synology an yi musu irinsa mai suna SynoLocker a 2014.

DanKasuwar_Waya

Ni dai a ganina a rage dogon zance, ka shiga Custom a wajen izini ka cire musu Delete kawai, ba mai iya goge komai an wuce wajen. Sannan Oga baka faɗi maganar wuta ba, yana kan UPS kuwa?

Injiniya_Kd

Ɗan uwa na taɓa gwada wannan a wani ofis kwana biyu aka yi na mayar. In ka cire Delete, canza sunan fayil ma ba zai yiwu ba, kuma manhajoji irin su Word in za su yi sebin sai sun rubuta fayil na wucin gadi sun kawar da tsohon sun sake wa sabon suna, to sai ka ga sebin na ƙi ga tarkacen fayiloli sun cika foldar ba mai iya sharewa. A DANYE kaɗai zai yi amfani, ga wanda ke sauke kati, ya zuba amma ba ya iya cirewa. A EDITIN ka bar su su goge, kwandon shara da sinafshot na bayansu.

Amma maganar UPS ka yi gaskiya, na manta. A sayi mai kebul ɗin USB a jona shi a bayan NAS, a shiga Hardware & Power a kunna, a ce in an ɗauke wuta da minti 5 ya tsayar da rubutu ya kwantar da diski, a kuma sa ya tashi da kansa in wuta ta dawo. Inbata kaɗai ba ta wadatar ba don ba ta gaya masa batir ya kusa ƙarewa, kuma lokacin juyawa zuwa janareta ne ake yawan samun matsala. Ba ya cin wuta sosai, ƙaramin UPS ya ishe shi shi da rauta. Kar a kulle shi a durowa, zafin watan Afrilu ba wasa ba ne, a hure masa ƙura lokacin hunturu, a sa data scrubbing, wato binciken diski don gyara abin da ya ruɓe, duk wata uku a Storage Manager.

Mai_Situdiyo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Allah ya ƙara ilimi. Na duba Btrfs ne alhamdulillah. Jiya Lahadi ba mu buɗe ba na zauna na yi folda huɗun da guruf biyun, kuma Hajiya kin canka daidai, admin ne muke shiga da shi duk mu biyar, na kashe shi. UPS akwai amma kebul ɗin USB ɗin na cikin kwalinsa ko ledar ba a cire ba, na jona yanzu yana nuna batir.

Na yi gwaji, na zuba hotuna ashirin a EDITIN na jira awa ta cika na goge su na kuma share kwandon, na shiga #snapshot ga su nan reras na kwafo. Na kira yaron da ya yi gogewar ranar na nuna masa don tun ranar ko ido ba ya iya haɗawa da ni, shi ma ya yi da hannunsa.

Sai dai wani abu ya ɗaure min kai. Yau da safe na goge tsofaffin bidiyo kusan 400GB daga DANYE waɗanda masu su suka karɓa tun bara, amma filin bai dawo ba ko kaɗan, har yanzu yadda yake jiya. Na ɓata wani abu ne?

Maman_Biyu

Ba ka ɓata komai ba Malam, aikinsa yake yi. Da farko suna cikin #recycle, sai ka share shi, kuma ka je Task Scheduler ka sa ya dinga share abin da ya wuce kwana 14 da kansa. Bayan nan ma sinafshot na daren jiya na riƙe da su, filin ba zai dawo ba sai na ƙarshe da ya san da su ya cika kwana 30 ɗinsa ya faɗi, sannan na'urar ta bi a hankali tana kwato filin, ba a take ba. Shi ya sa ba a jira sai diski ya cika maƙil a fara shara, da ka ga ya haura kashi 80 ka fara tunanin abin da zai fita. In kana cikin matsi za ka iya goge sinafshot ɗin da hannu muddin ba ka sa musu Immutable ba, amma kana da sama da 1TB fanko, ka bar su.

Kuma in wata rana babbar ɓarna ta faru kana son mayar da folda sukutum, a wajen Recovery zai ba ka zaɓi biyu, kar ka yi saurin danna Restore in place don zai shafe duk aikin da aka yi bayan wannan lokacin. Zaɓi Clone with a new name, folda ta biyu za ta fito kusan ba ta cin fili, ka duba a tsanake ka ɗauki abin da kake so. Diskin USB ɗin fa, ka saya?

Mai_Situdiyo

Na sayi ɗaya mai 5TB Hajiya, yana kan yin na farko tun ƙarfe huɗu, yanzu yana kashi 31, zan bar shi ya kwana. Na biyun sai an biya ni kuɗin bikin Asabar in sha Allah, shi ne zai dinga kwana a gida.